Tabarau Mai Lamba Biyu da Rabi

"Ya hanya? To, madalla. Ya waɗannan ƙafafun naka masu kama da sandunan shanya?"

"Suna gaishe ki. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku, can na baro shi. Matsa daga bakin taga, maigida, ka tare min rana da wannan dogon wuyan."

Kaka ba ta ɗago ba. Tana zaune inda ta saba zama shekara arba'in da ɗaya, a gaban baƙin keken ɗinkinta, a ɗakin da ke fuskantar titi. Simintin da ke ƙarƙashin feda ya lotsa daidai dugaduganta. Kwalaben maɓallai na jere a kan taga, rana na ratsa su tana zubar da launi a bango. Alli da almakashi a hannun dama, tef ɗin awo a wuya kamar sarƙar da ba a cirewa. Komai na nan inda yake. Ɗinkin ne kawai ya bar hanya.

Wata biyu ke nan da tsohon tabarau ɗinta ya faɗi ta taka shi. Ta je wurin mai tallar tabarau a bakin tasha, ya miƙa mata kwalin magani ta gwada karanta ƙananan rubutun da ke jiki. Ta kara kwalin a hanci, ta zaɓi mai lamba huɗu, don shi ya fi kumbura mata baƙaƙen. Da ta dawo gaban keke sai allura ta zama hayaƙi. Ta koma ta karɓo mai lamba biyar, abin ya ƙara lalacewa. Sai ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa kan keken take ganin zare, bayanta kuwa ba ya yarda ta sunkuya tana taka feda. Ta koma ɗinki da lalube. Riga uku aka dawo mata da su. Ɗanta, uban wannan dogon jikan nata, ya zo ya duba, ya yi mata magana mai taushi wadda ta fi zagi ciwo: ta huta haka nan, ran Asabar ƙarfe huɗu mota za ta zo ta ɗauke keken. Yau ce Asabar ɗin.

Ba ta gaya wa kowa ba, amma ita ma a ranta ta fara yarda cewa duniya ce ke tsukewa a kanta, kullum tana matsowa taku ɗaya, har ranar da za ta rufe. Duk da haka ta ƙudura ba za a fitar da keken nan tana numfashi ba. Shi ya sa ta aika wa jikanta, wanda ke yanka gilashi a wani shagon tabarau, ya kawo mata mai lamba shida.

"Ina aikena?" in ji ta.

"Ko ruwa ba za a ba ni ba? Miji ya shigo daga rana, matar kirki tashi take yi."

"Matar kirki mijin kirki ta samu. Ni da aka haɗa ni da wanda iska ke kayarwa, ai ina cikin jarrabawa. Famfo na tsakar gida. Ina aikena?"

Ya zaro ɗan akwati daga aljihu ya ajiye a kan teburin keken. Ta lalubo shi, ta buɗe, ta kai gilashin har bakin hancinta don ta karanta 'yar takardar da aka manna a kai. Ta daɗe tana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Tabarau."

"Na san ba kwaɗo ba ne. Lambar nake tambaya."

"Biyu da rabi."

"Nawa na ce maka?"

"Shida."

"To a makarantar da ubanka ya kai ka, shida da biyu da rabi uwarsu ɗaya? Na aike ka ka kawo min babbar mota, ka turo min baro."

"Baro ne daidai lungunki, tsohuwata. Babbar mota ba ta shiga."

"Ji min ɗan mutum. Allura mai lamba goma sha takwas ta fi mai goma sha huɗu ƙarfi, ita ke huda kaki. Riga mai lamba arba'in da huɗu ta fi mai talatin da takwas. Tun ubanka yana rarrafe nake aiki da lamba, ban taɓa ganin inda ƙarami ya fi babba ba. Biyar ya kasa, shi ne rabinsa zai iya?"

"Ban ce shida bai fi ƙarfi ba. Ya fi. Ƙarfin ne ke cutar ki."

"Ƙarfi ke cutar mutum? Lallai shi ya sa kai kake da lafiya haka."

Ya ja kujerar masu jiran ɗinki ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Ta ture akwatin da bayan hannu har ya kai bakin tebur.

"Idon nan da kake rainawa," in ji ta, "da shi na taɓa zura zare a allura cikin mota tana gudu, a hanya mai ramuka, da hannun hagu."

"An ba ni labari. An ce basilla ce, zaren kuma igiyar shanya."

"Wanda ya ba ka labarin yana bayan motar yana amai. Ni na taɓa hango ƙuma a jikin kare daga ƙetaren titi, har na gane mace ce."

"Da me kika gane?"

"Ta fi mazan aiki."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta cire mai lamba biyar ɗin ta riƙe a cinya, ta dube shi da idonta tsirara, ƙanana, gefensu ya yi ja saboda wata biyu na ƙurawa.

"Ubanka ne ya turo ka," in ji ta. "Kun haɗa baki ku ba ni gilashin taga in saka in kasa, ku sami hujjar ɗauke min keke."

"Baba ya ce in zo ƙarfe huɗu in taya ɗauka."

"Ka gani."

"Yanzu ƙarfe ɗaya ne, Kaka. Bai san ina nan ba."

Ta juya tabarau ɗin a cinyarta. A titi wani ya wuce yana tura kura, ƙafarta ɗaya na kuka. Ba kasafai yake kiran ta Kaka ba, kuma ba ta son yadda sunan ya sauka a ƙirjinta, don haka ta ɗaure fuska.

"To in ka zo ceto ne, ka zo da igiyar da ba ta kai ba."

"Duba waje. Wa ke bakin shagon can na ƙetare?"

"Mai gyaran babur ne. Yana shan shayi a kofin da bai wanke ba tun shekaranjiya, kuma maɓallinsa na biyu ba irin sauran ba ne."

"Makauniyar ke nan da za a ɗauke wa keke. Idonki na nesa ya fi nawa, ko likita kika tambaya haka zai ce. Na kusa ne ya yi ritaya, kamar na kowa in ya kwana biyu a duniya. Amma ni ba zan ƙara cewa komai ba, tun da bakina ba shi da daraja a gidan nan. Tef ɗinki za mu tambaya. Ya taɓa yi miki ƙarya?"

"Tef ɗina bai taɓa ƙarya ba. Masu tumbi ne ke riƙe numfashi."

"To taso. Ɗauko wancan baƙin ƙyallen, da tabarau ɗinki duka biyu."

"Ina za ka kai ni? Ni ba na yawo da miji da rana tsaka, mutane su ga abin da na aura."

Amma ta tashi. Suka fito bakin ƙofa, inda rana ke tsaye a kan dakali ba inuwa ko ta tafin hannu. Ya shimfiɗa ƙyallen, ya tsuguna, ya karɓi mai lamba biyar ya riƙe shi a sama. Wani farin faifai ya bayyana a kan baƙin yadin. Yana ɗaga hannu a hankali faifan na tsukewa, ya koma kamar kwabo, ya koma kamar maɓalli, har ya zama ɗigo guda mai zafin kallo, kamar an tsinko ranar an ajiye ta a kan dakalin Kaka.

"Auna daga gilashin zuwa ɗigon."

Ta zaro tef daga wuya, ta kafa bakinsa a ƙyallen, ta miƙe shi sama, ta datse da farce daidai gilashin. Sannan ta saka mai lamba huɗu ta kai tef ɗin hanci.

"Inci takwas."

Wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga ɗigon. Fuskarta ta washe.

"Ka gani ko? Wuta yake kunnawa. Shi ne za ka ce min ba shi da kyau."

"In girki za ki yi da shi, babu kamarsa. Kawo na fuskarki."

Suka yi musaya. Wannan karon sai da ya ƙara ɗaga hannu kafin ɗigon ya haɗu. Ta auna, ta datse, ta duba.

"Goma."

"Saura baron nawa."

Ya ɗaga sabon, ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa. Ta bi shi da tef tana gunaguni cewa hannunsa na rawa kamar na mai jin yunwa. Da ɗigon ya tsaya ta datse.

"Goma sha shida."

"Biyar, takwas. Huɗu, goma. Biyu da rabi, goma sha shida. Me kika gani?"

"Na ga ka ƙona min ƙyalle."

"Aikin gilashin nan shi ne ya lanƙwaso haske ya tara shi wuri guda. Mai ƙarfi lanƙwasawa yake da gaggawa, sai ya tara shi nan kusa. Mai sauƙi a hankali yake yi, sai ya tara shi can nesa. Idon da ke gani nesa sarai amma ya daina daidaita kansa, irin naki, in kin saka masa gilashi, a daidai wannan tazarar zai ga abu tas. Kafin nan hazo, bayan nan hazo. Lissafin ma ba wuya: arba'in za ki raba da lambar, ya ba ki incin."

Leɓɓanta suka motsa. Mace ce da ta shekara arba'in tana raba yadi a ka, ba ta taɓa neman takarda ba. Arba'in a raba biyar, takwas. A raba huɗu, goma. Ta ji lissafin ya zauna kamar hannun riga da ya shiga kafaɗarsa ba ƙari ba ragi, kuma hakan ya ba ta haushi.

"Shida fa?" in ji shi.

"Ban sani ba."

"Kin sani."

"Bai kai bakwai ba."

"Da na kawo miki shi, sai kin cusa hanci ƙarƙashin allura kafin ki gan ta. Da yanzu an yi wa hancin nan kalmasa. Ko da yake da an rage masa tsawo, mu ma mu huta."

"Hancin nan shi ka gada, sai dai naka ya ɓata hanya." Ta naɗe tef ɗin a yatsu, ta warware, ta sake naɗewa. "Wannan ai tattara ce. Ka ja zare da ƙarfi, yadi ya gajarce. Ka sassauta, ya miƙe. Abin da yarinyar da ta yi wata uku a shago ta sani, shi ne kuka sa wa lamba, kuna yawo da farar riga kamar likitoci."

"To wa ya je tasha ya sayo biyar?"

"Shaiɗan."

"Da ɗankwalinki aka gan shi."

Ta juya ta koma ɗaki, ya biyo ta. Tana tafe tana jin wani abu na kwancewa a bayan wuyanta. Ashe ba duniya ce ke matsowa ba. Ita ce ke zuwa tasha da ƙafarta tana janyo bangon, kowace lamba taku ɗaya. Amma ba ta yarda ba tukuna. Rana daban, allura daban.

Ta zauna a kujerarta. Ta gyara zama yadda ta saba tun tana da ƙuruciya, baya a miƙe, ƙafa biyu a feda, hannaye a gefen allura. Ya miƙo hannu zai karɓi tef, ta buge shi.

"Kai za ka auna ni? Ka rage inci biyu don ka ci gardama?"

Ta kafa bakin tef a gefen idonta, ta ja shi har kan allura, ta datse. Ta duba. Ta sake zama, ta sake aunawa. Ta yi na uku.

"Nawa?" in ji shi.

"Tef ɗin ya tsufa, ya saki."

"Nawa, amarya?"

"Goma sha shida." Ta harare shi. "Kai kuma ya aka yi ka sani tun daga shagonku? Duba ka fara?"

"Tsohon da kika taka. Ran Talata na tsinci ɓarin gilashinsa a gwangwanin da kike ajiye abin da ba kya iya zubarwa. Na kai shago na ɗora a na'ura. Biyu da rabi ne. Shekara nawa kina ɗinki da shi ba ki san lambarsa ba."

"Wato ban da lalaci har sata kake yi."

"A gidan matata ne, ba sata ba ce."

Ta jawo akwatin daga bakin tebur. Ta ɗauki tabarau ɗin da yatsu biyu kamar mai ɗaukar abin da ba ta yarda da tsabtarsa ba, ta goge da gefen mayafi, ta saka.

Allurar ta dawo. Tana nan tsaye, siririya, da ɗan haske a gefenta da 'yar kafarta a buɗe kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Ga haƙoran da ke jan yadi, ga ƙurar zare da ta taru a tsakaninsu, ga tsohon tabon da almakashi ya yi wa teburin shekarar da aka haifi uban yaron nan. Ta lashi bakin zare, ta murza, ta zura. Sau ɗaya. Ta ɗauko wani farin ƙyalle ta sa, ta taɓa feda, keken ya ɗauki tsohuwar muryarsa. Layin ya fito a miƙe kamar an ja shi da zaren magina.

Jikan ya kau da kai yana kallon kwalaben maɓallai, kuma ta gode masa a ranta.

Sai ta miƙa hannu kan tulin da ke gefe ta jawo ɗaya daga cikin rigunan da aka dawo da su, rigar aikin wata ma'aikaciyar jinya. Ta shimfiɗa ta a kan tebur. Da mai lamba biyar faɗin tafin hannu kawai take gani a lokaci guda, kuma kowane tafin hannu daidai yake a idonta. Yanzu ta ga layin gaba ɗaya, daga hammata har ƙasa, yana tangaɗi, yana shiga yana fita, a wani wurin ma ya sauka daga yadin ya sake hawa.

"Ni na yi wannan?"

"Ke kika yi."

"Kuma baiwar Allahn nan ta kawo min da hannu biyu, har tana ba ni haƙuri." Ta shafa ɗinkin da babban yatsa. "Ubanka bai yi laifi ba. Ni ma da na ga wannan a shagon wata, da na ce a ɗauke mata keke."

"In kira shi in ce ya fasa?"

"Kada ka kira shi. In magana kawai ya ji, zai ce lallashina kuke yi. Bar shi ya zo da motarsa ya tarar da riga uku a rataye, ya duba da idonsa. Ƙarfe nawa?"

"Biyu saura kwata."

"Ya isa. Miƙo min reza."

Ya miƙa mata. Ta fara farke ɗinkin, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya da ɗan sauti kamar ana taka busasshiyar ciyawa. Ya jingina da bango ya harɗe hannu.

"Wato dai kin yarda na fi ki."

"Na yarda rana ta faɗi gaskiya, tef ya faɗi gaskiya. Kai riƙe gilashi kawai ka yi. Ko ƙusa aka kafa a bango za ta iya."

"Ƙusa ce ta hau mota biyu ta zo da rana tsaka?"

"Da ƙusa ce, da ba ta nemi ruwa ba. Matso nan."

Ya matso. Ta kama wuyan rigarsa ta janyo shi ƙasa har ya zo daidai inda take gani, ta juya kwalar, ta bi ɗinkin da ido.

"Wa ya yi maka wannan?"

"A kanti na saya."

"Haka kake shiga mutane? Kwala ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon ƙasa, kuma ana cewa mijin tela ne? Wanda ya ɗinka wannan lamba tara yake sakawa."

Dariyar ta ƙwace mata kafin ta kai ƙarshen maganar, ta yi ta har sai da ta ɗaga tabarau ta share ido. Sannan ta sunkuya ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ta fito da wani yadi shuɗi mai nauyi, a naɗe cikin takarda, irin wanda tela ke ɓoyewa shekaru yana jiran wanda ya cancanta. Ta jefa masa a ƙirji.

"Ba don halinka ba. Don kada a ce a gidana ake fita da irin wannan kwalar."

"Yau za a ɗinka?"

"Kai ne na huɗu." Ta mayar da ƙafa kan feda. "Koma kujera ka riƙe yadinka. In ubanka ya iso, ka gaya masa akwai layi, ya jira."